Hannunka lafiya lau yake, kala ce ke ruɗin idonka

Wani saurayi ya rubuto daga Tawa, ya haɗo da hotunan zanensa huɗu. Ga abin da ya ce, na rage masa tsawo:

"Kawu, barka da aiki. Shekarata 22, ina taimakon yayana a shagonshi na fotokopi da buga takardu. Tun ina lakwal nike zane da fensir, har mutane sun fara turo mini hoto a waya in zana masu. Kwanan baya wata Hajiya ta kawo hoton mahaifinta da ya rasu, ta ba ni jika biyar. Da ta zo amsa ta daɗe tana kallo, sai ta ce, 'Allah shi yi maka albarka, amma wannan ba Baba ba ne.' Ta bar mini kuɗin, ta bar zanen. Wallahi na auna komai, ido da hanci da baki duk suna inda suke a hoton. Amma kullum fuskokina a shafe suke fitowa, kamar an bi su da dutsen guga. Wani abokina ya ce in riƙa maida hotuna baƙi da fari kafin in zana, wani kuma ya ce mai kwafar hoto ba mai zane ba ne. Yayana ya ce in bar wasan yara, bayan kaka in bi ƴan bida zuwa Abijan. Me zan yi?"

Ɗana, na duba zanen huɗu, na buɗe su manya, na kuma ƙanƙanta su. Awonka daidai ne. Wanda ya iya ajiye ido biyu su kalli wuri ɗaya ya riga ya wuce inda da yawa ke tuntuɓe. Abin da ka rasa shi ne duhu. A duk huɗun babu inda ka bar fensir ya yi baƙi sosai sai ƙwayar ido da gashi, babu kuma inda ka bar takarda fara sai haƙora. Sauran fuskar ka shafe ta da toka iri ɗaya daga goshi har haɓa, sa'an nan ka zagaye hanci da leɓe da layi don kada su ɓace a cikin tokar. To Hajiya ba da layi ta san mahaifinta ba. Ta san shi da yadda goshinsa ke rufe idanunsa, da ramin da ke ƙarƙashin ƙashin kuncinsa, da nauyin haɓarsa, kuma duk waɗannan inuwa ce ke nuna su. Ka tuna yadda kake gane yayanka daga ƙarshen layi bayan magariba. Ba ka ganin gashin girarsa daga nan, tabon haske da na duhu kawai kake gani, kuma sun ishe ka ka ce shi ne.

Abokinka na farko yana da gaskiya, ko da bai faɗa maka dalili ba. Fensir ba ya da kala. Abu ɗaya kawai yake iya faɗi: nan ya fi can duhu, ko ya fi can haske. Shi kuwa ido yana son kala, da ya gan ta sai ya daina kula da haske. Gwada wannan yau. Ka ɗauki hoton tutar Nijar, ka shiga wurin gyaran hoto na wayarka, ka danna inda aka rubuta Noir et blanc, ko ka ja Saturation har ƙasa. Ruwan lemu na sama da kore na ƙasa, waɗanda ko yaro ba zai haɗa su ba, za su koma toka kusan iri ɗaya. Tumatir a cikin ganyensa ma haka yake yi. Akwai kuma kalolin da ke yin akasin haka: rawaya tana fita da haske fiye da zato, shuɗi yana nitsewa. A lissafin da aka saba amfani da shi wajen cire kala daga hoto, kore ke ɗaukar kusan kashi 59 cikin 100 na hasken, ja kashi 30, shuɗi kashi 11 kacal. Ba sai ka haddace wannan ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, duk lokacin da ka kalli hoto mai kala ka ce "wannan atamfar ta fi wancan mayafin duhu", mai yiwuwa ne bambancin kala ka gani ka ɗauka na haske ne.

Kafin ka sake taɓa fuskar kowa, ka yi wa kanka ma'auni. Ka yanki ƴar takarda mai tsawo, ka ja gida biyar a jere. Na farko ka bar shi fari, na biyar ka cika shi da iyakar baƙin da fensirinka zai iya, na uku ya tsaya daidai tsakiya, sai ka cike na biyu da na huɗu. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Ansel Adams, shi da abokin aikinsa Fred Archer, sun raba wannan tazara gida-gida wajen shekarar 1940, tsarin da aka sani yau da gida 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, don tun kafin su danna kyamara su san inda kowane abu zai faɗa. Kai biyar sun ishe ka yanzu. Za ka sha mamakin wuyar gida na uku, yawanci mutum yakan yi shi da haske fiye da kima, kuma wannan ciwon ne ya bi ka har fuskokinka.

A nan ne maganar fensir ta shigo. Daga zanenka na ga HB na ƴan lakwal kake riƙe da shi, kana dannawa da ƙarfi idan kana son duhu. Bakin fensir haɗin girafit ne da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795. Idan yumɓun ya yi yawa fensir ya yi tauri, ya ba da toka mai haske, su ne masu harafin H. Idan ya yi kaɗan ya yi laushi, ya ba da duhu, su ne masu B. HB komai dannawarka ba zai kai gida na biyar ba, sai dai ya murje takarda ya bar maka ƙyalli irin na dalma. Ka nemi 2B da 6B a wurin masu sayar da kayan lakwal, idan babu a Tawa ka yi saƙo Yamai. Ka riƙa hawa duhu a hankali, shafi bisa shafi. Idan ka samu takardar zane ta Canson mai nauyin giram 180 ta fi ta injin shagonku mai giram 80 riƙe fensir, amma ta shagon ta isa gwaji. Gawayi ya fi kowane fensir baƙi kuma ba ya ƙyalli, sai dai ka fara sa shi, don ba ya kama bisa girafit. Kuma don Allah ka daina murza zane da yatsa. Maiƙon hannu ke shiga takarda, kuma murzar ce ke cinye ɗan bambancin da ka samu.

Yanzu ga abin da kake da shi wanda masu zane da yawa ba su da shi: injin fotokopi. Aibin wannan inji shi ne yana cinye tokar tsakiya, ya tura komai ko dai baƙi ko fari. Ga mai neman kwafin takardar haihuwa mai hoto wannan ɓarna ce, a gare ka kuwa darasi ne. Ka buga hoton fuska baƙi da fari, ka yi masa fotokopi, ka sake yi wa kwafin fotokopi. A na biyu ko na uku gashin ido da ƙananan layuka sun tafi, sai manyan tabo: inuwar da ta haɗa gira da ramin ido da gefen hanci ta zama abu guda, wata ƙarƙashin hanci, wata ƙarƙashin leɓen ƙasa, wata ta gangara daga kunci ta shige wuya. Ka nuna wa wanda ya san mai hoton, zai faɗa maka sunansa nan take. Waɗannan tabon za ka fara zanawa, da gefen fensir, ba tare da ka ja layin ido ko na baki ba. Ka yi su ƙanana, girman akwatin ashana, guda da yawa a shafi ɗaya, kowane cikin minti biyar. Idan ƙaramin bai yi kama ba, babban ma ba zai yi ba, ko ka kwana uku kana ƙirga gashin gemu. Idan babu inji kusa, ƙanƙance ido yana yin aikin: ka rufe shi saura kaɗan, ƙananan abubuwa su narke, manyan su tsaya.

Zan ɗan daɗe a kan fatarmu, don nan ne bidiyon koyon zane na YouTube ke ɓatar da yaranmu. Yawancinsu farar fata suke zanawa, inda farin takarda ya kusa zama launin mutum, sai a ɗan ƙara inuwa a gefe. Idan ka bi wannan hanya da fuskar dattijon Adar, ko dai ka fitar da shi fari fes, ko ka ji kunya ka shafe shi duka da toka ɗaya don a san baƙi ne. Ta biyun ka yi. Baƙar fata tana zaune ne a gida na uku zuwa na huɗu, kuma haske ne ke fitar da siffarta: sheƙin goshi, na karan hanci, na saman ƙashin kunci, na leɓen ƙasa. Kowane sheƙi yana da siffa da iyaka, wani gefensa kaifi, wani gefen ya narke a hankali. Ka ɗauki hoton yayanka a bakin ƙofar shago, hasken waje na bugun gefe ɗaya, ka cire kala, ka ga yadda tazarar take daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa. A fuska ɗaya za ka iya samun gida huɗu cikin biyar ɗin nan.

Ka yi wani ɗan kayan aiki kuma. Ka huda kwali fari da ƙusa wuri biyu, tazarar yatsa uku. Ka ɗora shi bisa hoton, rami ɗaya a kan goshin da rana ta buga, ɗaya a kan farar riga inda take cikin inuwa. Sau da yawa goshin baƙin mutum zai fi farar rigar haske. Hankalinka zai ƙi yarda, don ya san riga fara ce, mutum baƙi ne, amma ramin kwali bai san riga ba. Da shi za ka gane cewa farin ido ba fari ba ne, yana cikin inuwar gira, yawanci gida na biyu ko na uku. Haƙora ma haka, na gaba biyu ne kawai ke kusa da fari, sauran suna duhu suna shiga kusurwar baki. Kai kuwa ka bar su duka fari ka raba su da layi, shi ya sa murmushin zanenka ke ba da tsoro kaɗan.

Tsagar gado ma, na ga ka ja ta da tsinin fensir bisa kunci. Tsaga rami ce a fata. Gefenta ɗaya duhu ne, ɗaya gefen yana kama haske, tana lanƙwasa da kumatu, kuma idan ta shiga ɓangaren inuwa kusan ɓacewa take yi. Sai kuma ƙarƙashin haɓa. Mutumin da ke zaune a waje, yashi na mayar masa da haske daga ƙasa, don haka inuwar wuyansa ba ta toshe ba, akwai ɗan haske a cikinta. Ka sa shi, amma kada ya kai hasken ɓangaren da rana ta buga, in ba haka ba fuskar ta sake shafewa.

Ka fi koyo daga hoton da ka ɗauka da kanka, domin kai za ka zaɓi haske. Rana tsaka mugun lokaci ne, tana zuba duhu cikin ramin ido ta ƙone goshi. Hantsi da bayan la'asar sun fi, ko cikin zaure inda haske ke shigowa ta ƙofa ɗaya. Filashi daga gaba yana kashe inuwa gaba ɗaya. Ka fara da abin da ba ya motsi: ƙwai bisa farar takarda, ƙwarya a kife, tulu, butar shayi. Ka zana shi da ido, sa'an nan ka ɗauki hotonsa, ka ɗauki hoton zanenka, ka cire masu kala, ka jera su ƙanana a waya. Inda ka ji tsoron duhu zai fito fili, ba sai wani ya gaya maka ba. Ranar Lahadi ka zagaya kasuwa ka kalli yadda rawanin turkuɗi ke sheƙi a kan lanƙwasarsa alhali shi ne mafi duhu a wurin, amma ka nemi izini kafin ka ɗaga wa mutum waya. Lokacin hunturu kuma ka lura da yadda hazo ke sa abin da ke nesa ya yi fari-fari, da wannan ake nuna nisa a takarda.

Sai dai kada ka ɗauki hoto a matsayin mai gaskiya. Kyamara tana auna haske ne ta nemi mayar da komai toka ta tsakiya, don haka idan dattijo ya sa farar babbar riga, takan rage haske saboda rigar, fuskarsa ta toshe. Ka danna yatsa a kan fuskar kafin ka ɗauka, ka ɗan ja hasken sama. Wayoyi da yawa kuma suna goge fuska da kansu, su haskaka fata, su share ƙuraje da tamoji, wato su cire maka ainihin abin da kake nema. Ka kashe wannan. Kusanci ma yana murɗe siffa: wasu likitoci a Amurka sun auna a 2018, suka ga hoton da aka ɗauka daga santimita 30 yana faɗaɗa hanci da kusan kashi 30 cikin 100 idan aka gwada da na mita ɗaya da rabi. Ka ja baya taki biyu. Hoton da ya bi ta WhatsApp kuwa yakan rasa wani abu daga ingancinsa, inda ka ga baƙi toshe a cikinsa, sanin da ka tara daga kallon mutane ne zai cike.

Abokinka na biyu, mai cewa kwafa ba zane ba ce, ya kama wani abu amma ya wuce gona da iri. Idan ka ɗora takarda bisa gilashin waya kana bin layi, ko kullum sai ka raba hoto gida-gida kana cikewa ba tare da ka san me kake cikewa ba, shekara goma ma ba za ka ƙaru ba. Amma zane da ɗaukar hoto sun daɗe suna cuɗanya. Malick Sidibé na Bamako da zane ya fara, iya zanensa ne ya kai shi makarantar sana'o'in hannu, kuma a 1955 ya shiga shagon wani mai hoto Bafaranshe inda ya koyi kyamara. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Banis da ke Italiya. Wani Bafaranshe, Henri Cartier-Bresson, ya koyi zane wurin mai zane André Lhote kafin ya shahara da hoto, kuma a shekarun 1970 ya ajiye kyamara ya koma fensir. Ka nemi hotunan Sidibé da na Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da na Philippe Koudjina da ya ɗauki samari da ƴan matan Yamai a shekarun 1960 da 1970. Na fi son ka fara da Keïta: da hasken rana yake aiki, mutanensa irin namu ne, kuma za ka ga baƙar fuska a gaban zane mai ado ba ta ɓace ba. Ka kwafe su don koyo, kada ka sayar a matsayin naka.

Maganar Hajiya, ka koma wurinta. Kada ka kai mata kuɗin, za ta ji kamar ka mayar mata da alheri. Ka ce kana roƙon ta ba ka dama ka sake, ba da ƙarin ko dala ba. Ina kyautata zaton hoton da ta ba ka na katin ɗan ƙasa ne ko na fasfo, mai filashi daga gaba, wanda ko Keïta aka ba shi sai ya yi gumi. Ka tambaye ta ko akwai wasu, ko da na taron biki ne, ko tsohon baƙi da fari da ke ƙasan akwati. Ka tambayi wa ya fi kama da marigayin cikin ƴaƴansa ko ƙannensa, ka zaunar da shi a zaure ka kalli ƙashin fuskarsa. Ka kai mata ƙananan gwaji uku kafin babba, ta nuna wanda ya fi kusa. Amma ba wannan satin ba, sai ka ga ƙwai da tulunka sun fara tashi daga takarda.

Yayanka kuma ba maƙiyin zanenka ba ne, yana lissafin hatsi ne, kuma bida ba abin kunya ba ce a Adar, gidaje da yawa da ita aka gina su. Ba zan ce maka zanen fuska kaɗai zai riƙe gida a Tawa ba. Masu cin abinci da fensir galibi suna haɗawa da rubutun allon shaguna, da tsara katin biki da tambari, da fitar wa masu surfani zane, kuma duk wannan aiki ne da zai iya shigowa ta ƙofar shagonku. Ka same shi shi kaɗai, ba gaban abokansa na fada ba. Ka roƙe shi lokaci mai iyaka, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, da wuri ɗaya a bangon shago inda za ka rataya zane biyu mafi kyau. Ka buɗe kaye ka riƙa rubuta duk abin da zane ya shigo da shi da abin da ya ci na takarda da tawadar inji, ka biya shagon nasa. Idan lokacin ya cika ku zauna da kayen a gabanku. In tafiyar ce ta fi, 2B da 6B da ƴar takardar gida biyar ba za su cika maka jaka ba, kuma a Abijan ma ƴan Tawa na da iyayen da suke son a zana masu.